Satchel Paige: Gwanin Jifan Da Aka Rufe Wa Ƙofa Shekara 22

 

Yau za mu ɗan ajiye tarihin fatake da zangunan da muka saba kawowa, mu ƙetare teku zuwa Amurka, domin mu kawo tarihin wani baƙar fata mai suna Leroy Robert Paige, wanda duniya ta fi sani da Satchel Paige. Sana'arsa jifan ƙwallo ce a wasan da ake kira besbol. Mun san wasan baƙo ne a wurinmu, tun da yaranmu tamaula suka sani, dattawanmu kuwa dambe da kokawa. Amma mutumin da abokan karawarsa ma suka shaida gwanintarsa, aka hana shi shiga fagen manya saboda launin fatarsa har ya kai shekara 42, labarinsa ba zai yi wa wanda ke zaman 'yan tsiraru wuyar ganewa ba.

YADDA WASAN YAKE

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9 a fili. Ɗaya tana tsaro, ɗaya tana bugu. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, ya jefa ƙwallon fata mai tauri, wanda girmansa bai wuce na lemo ba, zuwa ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune nisan mita 18 da 'yan kai. Gab da mai cafewa akwai mai bugu na ɗaya ƙungiyar, riƙe da sanda. Jifa mai kyau shi ne wanda ya ratsa ta saman wani farantin roba mai faɗin santimita 43, tsakanin gwiwar mai bugu da ƙirjinsa. In mai bugu ya kai duka ya kuskure, ko ya bar jifa mai kyau ya wuce, alƙali ya ƙirga masa ɗaya. In ta kai uku, ya fita. In kuwa jifa ya kauce sau huɗu, sai a ba shi tasha ta farko kyauta. Wanda ya buga ƙwallo sai ya ruga yana bin tashoshi, duk wanda ya kewayo ya dawo inda ya faro ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku sai a yi musanya, haka har zagaye 9.

Ke nan kowane motsi na wasan daga hannun mai jifa yake farawa. In hannunsa ya yi kyau, abokan gaba su wuni ba su ci ko maki ɗaya ba.

HAIHUWA DA TASOWA

An haifi Paige ranar 7 ga Yuli, 1906, a garin Mobile na jihar Alabama, a kudancin Amurka. Wannan gari yana da tsohuwar alaƙa da yankinmu. A bakin ruwansa ne, a 1860, jirgin Clotilda ya sauke bayi kimanin 110 da ya ɗebo daga tashar Wida ta ƙasar Benin ta yau, kuma shi ne jirgin bayi na ƙarshe da aka sani ya isa Amurka. Wasu daga cikin mutanen da ya kawo suna nan da ransu a gefen garin lokacin da aka haifi Paige. An soke bauta a 1865, amma jihohin kudu suka maye gurbinta da dokokin wariya, kotun ƙoli ta ƙasar kuma ta amince da raba wuraren jama'a tsakanin fari da baƙi a 1896. Makaranta daban, taragon jirgin ƙasa daban, masauki daban.

Mahaifinsa mai aikin lambu ne, mahaifiyarsa Lula kuma tana wankau da aikatau, a gida mai 'ya'ya da yawa. Tun yana ƙarami ya shiga dako a tashar jirgin ƙasa. Bisa ga yadda shi ya ba da labari, ya samu sanda da igiya ya riƙa rataya jakunkunan matafiya da yawa a tafiya ɗaya, sai yara suka laƙaba masa Satchel, kalmar da a Turanci take nufin jakar hannu.

A 1918, yana ɗan shekara 12, aka kama shi da ɗaukar 'yan ƙananan kaya a kanti, ga kuma laifin gudun makaranta. Aka tura shi gidan horon kangararrun yara baƙar fata da ke Mount Meigs, inda ya yi fiye da shekara 5. A can ne aka lura da hannunsa, aka koya masa yadda zai ɗaga ƙafa sama, ya tara ƙarfin jikinsa duka, ya saki ƙwallo a ƙarshen motsi. Ya fito a ƙarshen 1923, dogo, siriri, da sana'a a hannu.

GASAR DA BAƘAR FATA SUKA GINA WA KANSU

Ba a taɓa rubuta wata doka a kundin manyan gasannin besbol da ta hana baƙar fata wasa ba. Wani mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a babbar gasa a 1884. Daga baya masu ƙungiyoyi suka haɗa baki a tsakaninsu suka daina ɗaukar baƙi, aka tafi a haka har fiye da shekara 60.

Da suka ga haka, baƙar fata suka kafa nasu. A 1920 Rube Foster, wanda shi ma tsohon mai jifa ne, ya tara masu ƙungiyoyi a Kansas City suka kafa gasa ta baƙar fata. Wasu gasannin suka biyo baya. Ƙungiyoyin suna hayar filayen fararen fata a ranakun da masu su ba sa nan, suna yawo gari gari a motocin bas, sau da yawa su kwana a cikin mota don masaukin garin ba ya karɓar baƙi. Duk da haka wasan ya zama babbar harka a unguwanninsu. Ranar Lahadi mutane kan fito daga coci cikin kwalliya su nufi fili, masu gidajen abinci da masaukai da jaridun baƙar fata duk suna samu.

Cikin wannan duniya Paige ya shiga a 1926, da wata ƙungiya ta garin Chattanooga. Daga 1927 ya koma Birmingham Black Barons, sannan a farkon shekarun 1930 ya koma Pittsburgh Crawfords ta Gus Greenlee, inda ya haɗu da Josh Gibson, mai cafewa kuma mai bugun da ba a yi kamarsa ba a wannan gasa.

Abu biyu suka ɗaukaka Paige: saurin jifa da saiti. Masu ƙarfin jifa suna da yawa, amma kaɗan ne ke iya sa ƙwallo daidai inda suka nufa. Abokan wasansa sun ba da labarin yakan ajiye takardar cingam a ƙasa maimakon faranti, ya yi ta ratsa ƙwallo ta samanta. Ga shi kuma da iya jan taro. A wasannin yawo yakan kira masu tsaron bayan fili su dawo su zauna, ya fitar da masu bugu shi kaɗai. Saboda haka ƙananan ƙungiyoyi suka riƙa hayarsa ya yi musu jifa na zagaye uku, a ba shi kasonsa daga kuɗin ƙofa, ya shiga mota ya nufi wani gari. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa ya yi jifa a wasanni kusan 2,500 a rayuwarsa.

Ba za mu ɓoye aibinsa ba. Bai cika riƙe yarjejeniya ba, duk inda kuɗi ya fi nan yake nufa, kuma yakan makara zuwa fili. Masu ƙungiyoyin baƙar fata sun sha dakatar da shi, sannan su sake neman sa, domin sunansa ke cika musu fili.

YAWON NEMAN ABINCI DA CIWON HANNU

A 1935 ya yi wasa a garin Bismarck na jihar North Dakota, a wata ƙungiya mai haɗe da fari da baƙi, suka ci gasar ƙasa ta ƙananan ƙungiyoyi da aka yi a Wichita. Wannan shekara 12 ke nan kafin manyan gasanni su yarda da irin wannan haɗi. A lokutan hutun kaka kuma yakan kara da taurarin fararen fata a wasannin nuni, irin su Dizzy Dean, yana kuma kayar da su gaban jama'a. Ashe kowa ya san matsayinsa, ƙofar ce kawai aka ƙi buɗewa.

A 1937 ya tafi Jamhuriyar Dominika tare da Gibson da wasu, suka yi wa ƙungiyar shugaban kama-karya Rafael Trujillo wasa, suka ci kofi. Daga baya ya riƙa ba da labarin sojoji riƙe da bindigogi a gefen fili. Wannan tafiya ta karya ƙungiyar Crawfords, domin manyan 'yan wasanta ne suka watse.

A 1938, a Meziko, hannunsa na dama ya kamu da ciwo mai tsanani, har ɗaga shi ya gagara. Yana da shekara 32, kuma aka ɗauka tasa ta ƙare. Mutum ɗaya ne ya karɓe shi, wato J. L. Wilkinson, Bature mai ƙungiyar Kansas City Monarchs, wanda tun 1930 yake yawo da fitilu a kan manyan motoci don a yi wasa da dare. Wilkinson ya sa shi a ƙaramar ƙungiyarsa ta yawo, ana tallata sunansa, shi kuwa yana lallaɓa jifa a hankali. Cikin 1939 ciwon ya lafa, ƙarfi ya dawo. Wannan jinya ta ƙara masa ilimi, domin a lokacin ne ya koyi jifan dabara iri iri, mai lanƙwasa da mai rage gudu. Akwai kuma wanda ya shahara da shi, jifan jinkiri: ya dasa ƙafa kamar zai saki, ya ɗan tsaya, sai mai bugu ya riga ya kai duka sannan ƙwallo ya iso.

A 1942 Monarchs ta kara da Homestead Grays ta Josh Gibson a wasannin ƙarshe na gasar baƙar fata, ta cinye duka huɗu, Paige kuma ya yi jifa a kowanne.

DA ƘOFA TA BUƊE, WANI AKA KIRA

A 1945 wani matashi tsohon hafsan soja mai ilimin jami'a, Jackie Robinson, ya yi kaka ɗaya a Monarchs tare da Paige. A Oktoban wannan shekara Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya ɗauke shi, ranar 15 ga Afrilu, 1947 kuma ya fara wasa a babbar gasa. Rickey yana neman matashi wanda zai iya shanye zagi ba tare da ramawa ba, kuma zai yarda ya fara daga ƙaramar gasa. Paige, wanda ya yi shekara 20 yana nuna wa fararen fata abin da baƙi za su iya, bai ɓoye cewa abin ya yi masa ciwo ba. Gibson kuwa bai ma ga ranar ba, ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35.

Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A tsakiyar kakar 1948 ƙungiyar Cleveland Indians tana neman kofi, tana kuma ƙarancin masu jifa. Mai ita, Bill Veeck, wanda ya riga ya ɗauki Larry Doby a 1947, ya kira Paige gwaji gaban kocinsa Lou Boudreau. Ranar 7 ga Yuli, ranar da ya cika shekara 42, ya sa hannu a takarda, bayan kwana biyu kuma ya shiga fili. Babbar jaridar wasanni ta lokacin, Sporting News, ta soki ɗaukarsa, tana ganin talla ce kawai ta jan 'yan kallo da tsoho. Shekarunsa ma sun zama abin muhawara, don shi kansa yakan faɗi shekaru dabam dabam, sai da aka je Mobile aka nemo takardar haihuwarsa.

Amsa a fili ya bayar. Ranar 13 ga Agusta, a Shikago, gaban mutum 51,013, ya yi jifa zagaye 9 cur, White Sox ba ta ci ko maki ɗaya ba. Ranar 20 ga Agusta ya sake yi musu haka a Cleveland gaban mutum 78,382, taron da ba a taɓa gani ba a wasan dare kafin nan. Wasanni uku na farko da ya buɗe da jifa sun tara mutum 201,829. Shugaban gasar ya haramta masa jifan jinkiri, bai fasa cin wasa ba. Ya ƙare kakar da nasara 6, faɗuwa 1.

Domin a gane nauyin waɗannan nasarori 6, sai a tuna cewa Cleveland da Boston Red Sox kunnen doki suka yi a ƙarshen kaka, sai da aka yi wasan raba gardama. Da ɗaya daga cikin nasarorin Paige ta kuɓuce, da ba a kai ga haka ba. Cleveland ta wuce, ta doke Boston Braves a wasannin ƙarshe da suke kira World Series, Paige kuma ya zama baƙar fata na farko da ya yi jifa a cikinsu, ko da yake ɗan lokaci kaɗan aka ba shi a wasa na biyar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bayan kakar 1949 Cleveland ta sallame shi. Da Veeck ya sayi St. Louis Browns sai ya sake kiran sa, ya yi musu wasa daga 1951 zuwa 1953, aka zaɓe shi cikin zaratan gasar a 1952 da 1953, yana da shekara 46 da 47. Daga 1956 zuwa 1958 ya yi jifa a ƙaramar gasa a Miami. Ranar 25 ga Satumba, 1965, Kansas City Athletics ta kira shi wasa ɗaya yana da shekara 59. An ajiye masa kujerar lilo irin ta tsofaffi a gefen fili don nishaɗin 'yan kallo. Ya tashi daga kanta ya yi jifa zagaye uku da Red Sox, ba su ci maki ba, mutum ɗaya ne kawai, Carl Yastrzemski, ya samu bugu mai kyau. Har yau babu wanda ya yi wasa a babbar gasa da shekarun da suka kai nasa.

HAƘƘIN DA YA ZO A MAKARE

Duk wannan suna bai ba shi fansho ba, domin kwanakinsa a babbar gasa sun gaza ƙa'ida da kwana 158. A 1968 Atlanta Braves ta sa shi cikin jerin 'yan wasanta don ya cike. Haka nan zauren tunawa da gwarazan besbol da ke Cooperstown yana da sharaɗin shekara 10 a babbar gasa, sharaɗin da wanda aka hana shiga ba zai iya cikawa ba. A 1966 Ted Williams, ɗaya daga cikin manyan masu bugu fararen fata, ya yi amfani da jawabinsa na shiga zauren ya nemi a shigar da Paige da Gibson. A 1971 aka zaɓi Paige, amma da farko aka shirya ajiye shi a wani sashe daban. Jama'a da 'yan jarida suka ce wariya ce ta dawo ta bayan gida, dole aka janye, aka shigar da shi daidai da kowa a Agustan wannan shekara. Ya rasu a Kansas City ranar 8 ga Yuni, 1982.

ABIN LURA

Akwai abu biyu da muke so mai karatu ya tsaya a kansu.

Na farko, buɗewar ƙofa ta zo da asara. Da taurarin baƙar fata suka koma manyan gasanni, 'yan kallo da jaridunsu suka bi su. Rickey bai biya Monarchs ko sisi a kan Robinson ba. Ɗaya daga cikin manyan gasannin baƙar fata biyu ta rushe bayan kakar 1948, ɗayar ta yi ta jan ƙafa har ta mutu. 'Yan wasa kaɗan suka samu ɗaukaka, amma masu ƙungiyoyi da kociyoyi da alƙalai da magatakarda baƙar fata suka rasa aiki, kuma sai a 1975 aka samu baƙar fata na farko da ya zama kocin wata ƙungiya a babbar gasa, wato Frank Robinson. Ba wanda zai ce da an bar wariya. Amma al'ummar da 'ya'yanta ke shiga cikin masu rinjaye, ya kamata ta tambayi kanta wa zai riƙe abin da iyaye suka gina a lokacin da aka ƙi su. Wannan tambaya tana gabanmu game da harshenmu da makarantunmu na allo da ƙungiyoyin unguwanninmu.

Na biyu, rubutu. A kundin babbar gasa, na shekaru masu yawa, abin da aka rubuta wa Paige shi ne nasara 28, faɗuwa 31. Wanda ya karanta wannan kaɗai zai ɗauka matsakaicin mai jifa ne, alhali shekarun tsufansa ne kawai aka ƙirga. Shekarun ƙarfinsa sun tafi a wasannin da yawancinsu ba wanda ya ajiye lissafinsu. Abin da ya tsira, jaridun baƙar fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender ne suka adana shi, masu bincike kuma suka yi shekaru suna tono shi shafi shafi. Da wannan hujja ne hukumar besbol ta amince a Disamban 2020 cewa gasannin baƙar fata bakwai na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a Mayun 2024 kuma aka haɗa alƙalumansu da na kowa. Nan take Josh Gibson ya hau saman jerin masu yawan samun bugu a tarihi, ya ture Ty Cobb, shekara 77 bayan rasuwarsa.

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma sai in akwai wanda ya tsaya ya ga inda ya faɗa, ya rubuta. Don haka muna roƙon matasanmu masu wayoyi a hannu, su zauna da dattawan da suka rage, su ɗauki sunayen waɗanda suka sari unguwanninmu da malaman da suka karantar da limaman da suka yi limanci, da shekarun da aka yi kowane abu. Tsofaffin wasiƙun ajami da hotunan da ke cikin akwatunan iyaye, a ɗauki hotonsu tun gara ba ta ci ba. Wanda ya samu wani abu irin wannan ya aiko wa shafin nan, za mu adana, mu kuma buga da sunan gidan da ya fito in masu shi sun yarda.

Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya sa mu amfana da abin da muka karanta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalam.